Cajin Mota a Gida ko Sayen Fetur: Wanne Ya Fi Araha?

Gabatarwa

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur, lissafin mai mota a Nijeriya ya sauya. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 a Kano da Abuja cikin 'yan kwanaki, ta kai naira 617 a watan Yuli na wannan shekarar, sa'an nan a watan Oktoba na 2024 ta tsallake naira 1,000. Ma'aikata da yawa sun jingine motocinsu a gida sun koma hawan adaidaita sahu, wasu kuma ba sa fito da mota sai ranar Juma'a ko ranar biki. A cikin wannan hali ne maganar mota mai aiki da wutar lantarki ta fara shiga hirar jama'a. Wasu na cewa ita ce mafita, tunda ba ta shan mai ko ɗigo. Wasu kuwa na cewa ƙasar da wuta ba ta tsayawa ba ta da abin yi da irin wannan mota.

Kowane ɓangare yana da tasa hujja, amma gardamar ba ta yankewa sai da alƙalami. Wannan maƙala za ta bi lissafin daki-daki, domin mai karatu ya ga abin da tafiyar kilomita 100 take ci da fetur, da abin da take ci idan an yi cajin mota a gida, da kuma dalilin da ya sa amsar take bambanta daga gida zuwa gida.

Fasaha ce mai daɗaɗɗen tarihi

Motar lantarki ba baƙuwa ba ce a duniya. Wajen shekarar 1900, kimanin kashi ɗaya cikin uku na motocin da ke Amurka da batir suke tafiya. Abubuwa uku ne suka taru suka durƙusar da ita: samun ɗanyen mai mai yawa a jihar Tekzas tun daga 1901, da fitowar motar Ford Model T mai rahusa a 1908, da kuma fitowar na'urar tayar da inji da lantarki a 1912, wadda ta raba direba da wahalar murɗa hannu. Ga shi kuma batir ɗin wancan zamani na dalma ne, yana da nauyi, ba ya kuma kai mota nesa.

Abin da ya dawo da ita shi ne batir ɗin litiyam, irin wanda ke cikin wayar hannu, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991. A 2010 Nissan ya fito da Leaf, kuma a 2024 an sayar da motoci masu caji kimanin miliyan 17 a duniya, wato fiye da ɗaya cikin kowace sababbin motoci biyar, mafi yawansu a ƙasar Sin. A Nijeriya kuwa, a ƙarshen 2020 aka ƙaddamar da Hyundai Kona mai lantarki wadda aka harhaɗa a Legas.

Ina ƙarfin fetur yake tafiya?

Kafin a shiga lissafin kuɗi, wajibi ne a san ma'aunin da za a yi amfani da shi. Yunit ɗin da mitar gida take ƙirgawa shi ne kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya. Alal misali, dutsen guga mai cin wat 1,000, idan ya yi awa guda a kunne, ya sha yunit ɗaya. Da wannan ma'auni ana iya auna kowane irin makamashi, har da na fetur da na abinci.

Litar fetur ɗaya tana ɗauke da makamashi kimanin yunit 9. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin abincin da baligi yake ci a yini ɗaya bai kai yunit 3 ba. Ke nan lita guda ta yi daidai da abincin mutum na kwana uku. Asalinsu kuwa ɗaya ne. Ɗanyen mai ragowar ƙananan halittun teku ne, waɗanda suka tara ƙarfin hasken rana a jikinsu miliyoyin shekaru da suka wuce, kamar yadda gero da dawa suke tarawa a gona, sa'an nan suka mutu, laka ta binne su, zafi da nauyin ƙasa suka mayar da su mai.

Matsalar tana wajen fitar da wannan ƙarfi. Injin mota ƙona fetur yake yi, kuma mafi yawan abin da ƙonawa take haifarwa zafi ne. A jikin ɗan Adam ma haka abin yake: tsoka ba ta mayar da fiye da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na makamashin abinci zuwa aiki, sauran zafi ne, shi ya sa manomi yake gumi yana huɗa. Abin da gumi yake yi wa jiki shi lagireto yake yi wa mota, wato zubar da zafin da ba shi da amfani. Bisa ƙididdigar Ma'aikatar Makamashi ta Amurka, kashi 12 zuwa 30 cikin ɗari na ƙarfin fetur ne kaɗai yake isa ga tayoyi. Motar lantarki kuwa tana isar da fiye da kashi 77 cikin ɗari na wutar da ta ja. Bugu da ƙari, ba ta cin komai wajen juya inji idan ta tsaya a cunkoso, kuma duk lokacin da direba ya rage gudu, injin nata yana komawa kamar janareta, ya mayar da wani kaso na ƙarfin cikin batir. Nan ne tushen arahar motar lantarki: ɓarnarta kaɗan ce.

Lissafin kilomita 100

Matsakaiciyar motar gida mai fetur, idan tana da lafiya, tana shan kimanin lita 8 a kilomita 100. Tsohuwa, ko wadda ke yawan shiga cunkoso da na'urar sanyaya a kunne, tana iya kaiwa lita 10. Motar lantarki mai girma irin nata tana cin yunit 15 zuwa 18 daga batir. Amma ba duk abin da mita ta ƙirga ne yake shiga batir ba, saboda kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari yana salwanta a matsayin zafi lokacin caji. Don haka ya fi dacewa a ɗauki yunit 20 daga mita, domin kada a yi wa lantarki alfarma a lissafi.

A watan Afrilu na 2024, Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Ƙasa ta ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a kullum, daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a kan yunit. Daga baya an rage, ya tsaya a naira 209.50 a watan Yuli na wannan shekarar. Idan aka ɗora harajin kashi 7.5 cikin ɗari, ya koma kimanin naira 225. To, a farashin ƙarshen 2024, lita 8 a kan naira 1,000 ta kama naira 8,000, yunit 20 kuwa a kan naira 225 ya kama naira 4,500. Rarar mai motar lantarki ita ce naira 3,500 a kowace kilomita 100, alhali da wuta mafi tsada a ƙasar ya yi caji. A 2025 farashin fetur ya sauko ƙasa da naira 1,000 a wurare da dama, amma ko an ɗauki lita a kan naira 900, kuɗin ya kama naira 7,200, har yanzu nesa da naira 4,500.

Tunda farashi ba ya zama wuri ɗaya, ga wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa. Yunit 20 a raba da lita 8 ya ba da biyu da rabi. Saboda haka, a ninka farashin yunit sau biyu da rabi. Idan litar fetur ta fi abin da aka samu tsada, caji ya fi araha, idan kuwa ba ta kai ba, fetur ya fi. Wannan ƙa'ida tana bayyana abin da ya sa ba a damu da motar lantarki ba a zamanin tallafi. A farkon 2023, lita 8 a kan naira 190 naira 1,520 ce, yunit 20 kuwa da haraji ya kusa naira 1,500. Bambancin bai taka kara ya karya ba.

A ƙasashen waje ma sakamakon bai yi nisa da wannan ba. A Amurka, a 2024, litar fetur tana kimanin santi 87, yunit ɗin wutar gida kuwa kimanin santi 16, wato kusan dala 7 ke nan a kan dala 3 da 'yan kai. Sai dai tashoshin caji na kan hanya masu saurin cika batir sukan karɓi ninki biyu ko uku na farashin gida, har kuɗin ya kusa na fetur. Shi ya sa a ko'ina aka ɗora ribar motar lantarki a kan cajin gida.

Idan janareta ce tushen wuta

Duk lissafin da ya gabata ya ginu ne a kan cewa akwai wuta a layi. Amma abin da manyan layukan Nijeriya suke rarrabawa yawanci megawat 4,000 zuwa 5,000 ne ga mutane fiye da miliyan 200. Rukunin B awa 16 aka yi masa alkawari, C awa 12, D awa 8, E kuwa awa 4, kuma sau da yawa ba a cika alkawarin. A watan Oktoba na 2024, jihohin Arewa da dama sun yi fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo musu wuta. A irin wannan yanayi, abin da zai fara zuwa wa magidanci a rai shi ne ya tayar da janareta ya jona motar.

A nan ne lissafi yake juyewa. Ƙaramar janareta ta gida ita ma injin ƙona fetur ce, kuma ɓarnarta ta kai ta injin mota ko ta fi. Daga lita ɗaya mai ɗauke da yunit 9, abin da take fitarwa yunit ɗaya da rabi ne zuwa 2. Samun yunit 20 ke nan yana bukatar lita 10 zuwa 13, domin a yi tafiyar da lita 8 za ta yi da a tankin mota aka zuba ta kai tsaye. A farashin naira 1,000, wannan ya kama naira 10,000 zuwa 13,000, ban da baƙin mai da kuɗin gyaran janareta. An gudu ba a tsira ba. Ko da rabin cajin ne aka yi da janareta, rabi da wutar layi, jimillar za ta kai kimanin naira 8,250, wato ribar ta tafi ƙurmus. Babbar janareta mai dizal ta ɗan fi dama, domin tana ba da kimanin yunit 3 a lita, amma dizal ya fi fetur tsada, saboda haka rarar ba ta da yawa.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi muhimmanci. Caji aikin sa'o'i ne, yawanci kuma da dare ake yin sa. Hayaƙin janareta yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana manne wa sinadarin jini mai ɗaukar iskar shaƙa fiye da ita kanta iskar shaƙar sau 200 da ɗoriya, har mutum ya mutu cikin barci bai sani ba. Barin janareta tana aiki duk dare a zaure ko kusa da tagar ɗaki ganganci ne, ko da mota ko babu.

Hasken rana

Arewacin Nijeriya da kudancin Nijar suna cikin yankunan da suka fi samun hasken rana a duniya. A Sakkwato ko Maiduguri, farantan sola masu ƙarfin kilowat ɗaya suna iya ba da yunit 4 zuwa 5 a rana. Ma'aikacin da ke tafiyar kilomita 40 a kullum yunit 8 yake bukata, wato abin da faranti huɗu masu wat 500 kowanne za su iya samarwa idan gari ya yi garau. Da zarar an biya kuɗin kafa su, abin da ya rage shi ne goge ƙura, musamman lokacin hunturu da hazo yake rage musu ƙarfi, kuma sukan yi shekaru 20 ko fiye suna aiki.

Cikas ɗin shi ne lokacin da rana take sama, motar tana wurin aiki. Mafita biyu ce. Ta farko ita ce a sayi batir na gida ya tara wutar rana, a juye wa mota da dare; wannan yana ƙara kuɗi mai yawa, kuma wani kaso na wutar yana salwanta a tsakani. Ta biyu ita ce a kai cajin inda motar take yini, wato ma'aikatu da kasuwanni da makarantu. A kan wannan tunani ne Hukumar Ƙira da Bunƙasa Motoci ta Ƙasa ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a 2021, ta kuma kafa irinta a Jami'ar Legas da ta Nsukka.

Lokaci da wayoyin gida

Cika tankin fetur minti biyar ne idan babu layi. Caji kuwa sai da haƙuri. Soket na gida yana ba mota kimanin kilowat 2.3, don haka batir mai yunit 64 irin na babbar Kona zai ci kusan awa 30 kafin ya cika daga ƙasa. Na'urar caji ta musamman mai kilowat 7, wadda ake kafewa a bango, tana yin wannan aiki cikin kimanin awa 10. Amma ba kullum ake bukatar cika batir daga ƙasa ba. Mai tafiyar kilomita 40 zai mayar da abin da ya ci cikin awa uku da rabi a soket na gida. Wannan yana nufin ko gidan da ke samun wuta awa 8 a rana zai iya riƙe motar lantarki domin zirga-zirgar cikin gari, muddin wutar tana zuwa a lokacin da motar take gida, kuma tana da ƙarfi. Kuɗin yunit a waɗannan rukunoni ma ya fi na rukunin A sauƙi ƙwarai. Doguwar tafiya ce take bukatar shiri tun da wuri, don ba a fafe gora ranar tafiya, ga shi kuma tashoshin caji na kan hanya ba su yawaita ba.

Dole ne kuma a duba wayoyin gida. Dutsen guga minti kaɗan yake yi ya huta, amma mota tana jan wuta mai yawa awa bayan awa ba tsayawa. Siririyar waya ko soket mai sako-sako yana iya yin zafi har ya kama da wuta. Wajibi ne ƙwararren mai gyaran wuta ya ja wa motar layinta daban, da waya mai kauri da mahaɗar ƙasa mai kyau, domin yawancin na'urorin caji ba sa karɓar wuta idan babu wannan mahaɗa. Kuɗin wannan aiki yana cikin abin da za a sa a lissafi.

Sauran kuɗaɗe

Ta fuskar gyara, motar lantarki ta fi sauƙin ɗawainiya. Ba ta da fulogi, ba ta da salansa, ba a yi mata juyen baƙin mai, birkinta kuma yana daɗewa tunda inji ne yake yin mafi yawan aikin rage gudu. Sai dai nauyin batir yakan sa tayoyi su riƙa cinyewa da wuri, kuma makanikan da suka san ta, da kayan gyaranta, ba su wadata ba tukuna.

Batir shi ne abu mafi tsada a jikinta. Farashinsa a duniya ya faɗi daga sama da dala 1,000 a kan yunit a 2010 zuwa kimanin dala 115 a 2024, amma duk da haka, a farashin 2024, batir mai yunit 64 ya haura dala 7,000. Kamfanoni da yawa suna ba da lamunin shekara 8 ko kilomita 160,000, kuma a matsakaicin ma'auni batir yana rasa kimanin kashi 2 cikin ɗari na ƙarfinsa a shekara. Zafi yana hanzarta wannan tsufa. Kamar yadda sinadaran jikin halitta suke da iyakar zafin da suke jurewa, haka batir ɗin litiyam ya fi jin daɗi tsakanin digiri 20 da 30, alhali a bazara Sakkwato da Maiduguri suna haura digiri 40. Ajiye mota a inuwa, da yin caji da dare, da tsayar da cajin yau da kullum a wajen kashi 80 cikin ɗari, duk suna tsawaita rayuwarsa. Mai sayen motar hannu kuwa, lallai ya sa a auna masa lafiyar batir kafin ya biya, domin araha ba ta ado.

Abu na ƙarshe shi ne kuɗin sayen motar kanta, wanda yawanci ya fi na takwararta mai fetur, musamman a kasuwar da motocin Kwatano suka mamaye. A ɗauka, alal misali, bambancin naira miliyan 5 ne. Ma'aikacin da ke yin kilomita 40 a rana, kwana 300 a shekara, ya yi kilomita 12,000. Rararsa naira 420,000 ce, don haka sai ya yi kusan shekara 12 kafin ya mayar da kuɗinsa. Direban haya mai yin kilomita 150 a rana kuwa ya yi kilomita 45,000, rararsa ta kai naira 1,575,000, zai mayar cikin shekara uku da 'yan watanni. Wannan ne ya sa motocin haya suka fi dacewa su fara sauyawa. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin fetur daga ƙananan motocin bas na haya yana sa musu batir da injin lantarki. A Habasha kuwa, inda wutar madatsun ruwa take da araha, fetur kuma sai an shigo da shi da kuɗin waje, gwamnati ta hana shigo da ƙananan motoci masu fetur da dizal a 2024.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa motar lantarki tana yin tafiya da kuɗi kaɗan saboda ba ta ɓarnar makamashi kamar injin fetur. A farashin ƙarshen 2024, cajin gida da wutar layi ya kama kaɗan fiye da rabin kuɗin fetur, da hasken rana kuwa yana iya yin ƙasa da haka bayan an mayar da kuɗin kafawa, amma da ƙaramar janareta ya fi fetur tsada. Don haka, duk mai niyyar saye ya kamata ya fara da rubuta abubuwa uku na tsawon wata guda: awa nawa gidansa yake samun wuta da dare, kilomita nawa yake yi a rana, kuma lita nawa yake saye. Idan wutar ta isa ta mayar masa da abin da yake ci a kullum, kuma tafiyarsa tana da yawa, to sauyawa za ta biya shi. Idan kuwa gidan a kan janareta yake, abin da ya fi masa shi ne ya fara gyara tushen wutarsa, ya bar maganar mota sai daga baya.